Sistar da Ba Ta Cewa "Kada Ka Damu"

Duk Bahaushen da ka tambaya "Yaya jiki?" amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko kwana uku ya yi bai runtsa ba, ko ruwa ba ya zama a cikinsa, sauƙin nan dai shi zai ba ka. Tarbiyya ce, tawakkali ne, babu mai ganin laifinsa. Amma ga ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwan magani, wanda mutanen asibiti ke kira kimo, wannan amsa ƙofa ce a kulle. Sai ta zagaya ta nemi wata.

Na ga yadda ake wannan zagaye lokacin da na yi jinyar kawuna, wanda aka samu da dajin tumbi bayan ya shafe kusan shekara biyu yana shan maganin olsa. Ranar da za a fara yi masa kimo, tun asuba bakinsa ya mutu. Ya saka babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya riƙe carbi, sai dai ba ja yake yi ba, damƙe shi kawai ya yi har jijiyoyin bayan hannunsa suka miƙe. Sistar da ta karɓe mu, wata dattijuwa mai tabarau, ta gaishe shi, ya ce da sauƙi. Sai ta ajiye faranti, ta jawo kujera ta zauna dab da gadon.

"Baba, daren jiya ƙarfe nawa barci ya ɗauke ka?"

Ya yi jim. "Gaskiya 'yar nan, ido biyu na ji kiran assalatu."

"To da kake kwance ɗin nan, wane tunani ne ya fi kai-komo a ranka?"

Daga nan ta yi gum. Shirun ya yi tsawo har na fara gyara murya zan amsa masa, ta ɗan ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Can Kawu ya ce, "An ce daji ba ya son allura. An ce in ƙarfe ya taɓa shi, tashi yake yi ya cinye mutum."

Mako guda muna tare da shi dare da rana, ba wanda ya san abin da ke cin sa ke nan. Mu dai "kada ka damu" muke ta zuba masa, shi kuma yana ta ce mana to. Wannan shirun da ta yi ba rashin abin faɗa ba ne, koyon sa ake yi. Wani bincike da Beckman da Frankel suka wallafa a Amurka a 1984 ya gano cewa, a matsakaicin lissafi, daƙiƙa 18 kawai likita ke barin mara lafiya ya yi magana kafin ya katse shi. Abin da Kawu ya ɓoye ba ya fitowa cikin daƙiƙa 18.

Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma ce camfi ne ba. Tambayarsa ta yi wa ya sani da hakan ta faru da shi. Ya ce maƙwabcinsa, wanda ya rasu wata biyu da fara allura. Ta tambayi tsawon lokacin da maƙwabcin ya yi yana ciwo a gida kafin a kai shi asibiti. Kawu ya lissafa da yatsu, ya kai shekara uku, sai ya yi shiru don ya gane inda ta dosa.

Gaskiyarta kuwa. Dajin tumbi ciwo ne mai zuwa da rigar aro. Zafin ƙirji, kumburin ciki, saurin ƙoshi, duk alamun olsa ne, don haka mutum sai ya yi ta sayen magani a kyamis har rama ta bayyana ko ya fara amai da baƙin bayan gida. A shekarar 2022 kaɗai, ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mutum kusan 970,000 ne suka kamu da shi, wajen 660,000 kuma ya yi ajalinsu. Gabashin Asiya ne matattararsa, Japan da Koriya ta Kudu da Mongoliya da Sin, kuma Sin kaɗai ta kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku. A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai shekara 40 ana kiran sa gwajin tumbi bayan kowace shekara biyu, ana kama ciwon tun bai yi ƙafa ba. Babbar mai haddasa shi ita ce ƙwayar cutar Helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka tono asirinta a Ostareliya a 1982, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Yawan gishiri da kyafaffen abinci da taba suna taya ta. Mu nan kuwa, wani likitan tiyata mai suna Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya rubuta a 1992 cewa mafi yawan mutanen yankin suna ɗauke da ƙwayar, amma dajin bai yi yawa kamar na Asiya ba, lamarin da ya ɗaure wa masana kai. Namu ba shi da yawa, sai dai a makare yake isa asibiti. Mutum ya zo ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, a yi masa allura, ya rasu, sai a ɗora wa allura laifi.

Abin da ta yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni, kuma a ganina nan gwanintar take. Maganin da likita ya tsara wa Kawu kashi biyu ne: oksaliplatin, wanda ake ƙara masa ta jijiya na awa biyu, da ƙwayoyin kapesitabin da zai sha safe da yamma bayan cin abinci har kwana 14, ya huta kwana 7, sannan a sake zagayowa. Likita ya riga ya yi mana wannan bayani, da sunayen magunguna da lissafin makonni, kuma na tabbata ko kalma ɗaya ba ta zauna a kan Kawu ba. Ita kuwa ba ta taɓo lissafi ba. Abin da jikinsa zai ji ta shiga gaya masa.

"Baba, in ruwan ya fara shiga, za ka ji hannun nan yana tsami, kamar an ɗaure shi. Zan ɗora maka abu mai ɗumi, zai lafa. Amma in ka ji zafi kamar wuta a bakin allurar, ko ka ga wurin ya kumbura, wannan kirana za ka yi nan take. Sannan in ka koma gida, kwana uku zuwa biyar, sanyi zai zame maka abokin gaba. Ka taɓa ƙofar ƙarfe da safe, yatsunka za su yi minjirya kamar wuta ta ja ka. Ka sha ruwan randa, za ka ji maƙogwaro ya shaƙe kamar numfashi zai ɗauke. Ba ɗaukewa zai yi ba, hanyar iska a buɗe take, jijiyoyi ne ke yi maka ƙarya. Alwalar asuba a ɗumama maka ruwa."

Ta ce ya maimaita mata abin da ya ji, don ta san ko ita ta iya bayani. Ya maimaita, ya manta zancen kumburi, ta sake faɗa.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙara tsorata mutum ne. Ni ma haka na ɗauka a lokacin. Amma tun farkon shekarun 1970 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Jean Johnson, tare da masanin halayyar ɗan Adam Howard Leventhal, suka gwada abin a kan mutanen da za a zura wa kyamara ta maƙogwaro don duba tumbi. Waɗanda aka gaya wa tun farko abin da za su ji, su ɗanɗana, su gani, sun fi natsuwa a lokacin gwajin fiye da waɗanda aka bari cikin duhu. Dalilin a fili yake. Abin da ya zo wa jiki ba zato, zuciya takan fassara shi da mafi munin fassara, wato ciwon ne ya tashi, ko mutuwa ce ta iso. In kuwa an riga an raɗa masa suna, sai ya zama baƙon da aka san da zuwansa. Akwai kuma darasin Hildegard Peplau, wadda littafinta na 1952 ya zama ginshiƙi a makarantun jinya. Ta kasa fargaba hawa huɗu, daga 'yar ƙarama mai wartsakar da mutum har zuwa firgici, ta nuna cewa duk hawan da aka ƙara, abin da mutum ke iya ji ya riƙe raguwa yake yi. Shi ya sa Sista ba ta fara bayani ba sai da ta ga hannun Kawu ya saki carbi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. Ita har hannu da kafaɗa da saurin numfashi take tambaya.

Amfanin bayanin ya fito a zagaye na biyu, cikin hunturu. An gama ƙarin ruwa da la'asar sakaliya, muka fito, Kawu ya manta bai rufe baki da hanci ba. Muna isa bakin ƙofa iska ta buge shi, sai na ga ya dafe wuya, idanu sun fito. Hankalina ya tashi fiye da nasa. Muka koma da shi da gudu. Sista ta zaunar da shi, ta maƙala masa ɗan abin auna iskar jini a yatsa, ta duba wuyansa da ƙirjinsa ko akwai borin jini, ta saurari numfashinsa, ta gwada hawan jini, duk cikin abin da bai kai minti biyu ba, fuskarta kamar mai tsince shinkafa. Sannan ta juya masa na'urar ya ga lambar da idonsa, ta sa ya haɗa tafukansa a baki yana shaƙar ɗumin numfashinsa, ta aika a kawo ruwan ɗumi. Da murya ta dawo masa, abin da ya fara cewa shi ne, "'Yar nan, shi ne na sanyin nan da kika faɗa ko?"

A lura, ba ta fara da lallashi ba. Sai da ta tabbatar. Oksaliplatin yana iya jawo wani irin bori na gaske, wanda jiki ke ƙin maganin, numfashi ya toshe, jini ya faɗi, kuma ya fi zuwa bayan an yi zagaye da yawa. A ido shi da shaƙewar sanyi suna kama da juna, amma ɗaya ruwan ɗumi yake so, ɗayan kuma allurar gaggawa. Ta kuma rubuta wa likita, domin in shaƙewar ta yi tsanani akan ja lokacin ƙarin ruwan daga awa biyu zuwa shida.

Wannan tantancewa ita ce rabin aikin, domin abubuwa da yawa suna shigar burtu da kamannin fargaba. Deksametason da ake bayarwa don hana amai yana hana barci, yana sa shaƙuwa da rawar jiki, yana ɗaga sukari. Metoklopramid, shi ma maganin amai, yakan sa wasu su kasa zama wuri ɗaya, ƙafa na ta motsi, mutum ya tashi ya zauna ya tashi, wanda bai sani ba ya ce tsoro ne ko aljanu. Tumbin da ke tsiyayar jini a ɓoye yana jawo ƙarancin jini, shi kuma ya kawo faɗuwar gaba da haki. Wanda aka yanke wa tumbi kuma, abinci kan zarce cikin hanji da sauri, minti goma zuwa talatin da gama ci sai gumi da jiri da bugun zuciya su rufe shi, kai ka ce mugun labari aka gaya masa. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda "yi haƙuri" ke warkarwa. Na taɓa jin wani ma'aikaci a wani ɗakin ya daka wa wata baiwar Allah tsawa wai ta cika raki, alhali ƙafafunta ne suka ƙi tsayawa. Har yau ina zargin maganin amai ne.

Sai kuma amai tun kafin a taɓa mutum. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mara lafiyar da ya sha wuyar amai a zagayen farko, jikinsa kan haɗa wuyar da duk abin da ke wurin: warin sifirit, launin zanen gado, ƙarar keken magani, har hanyar asibitin. Ranar dawowa, tun a mota zuciyarsa ta fara tashi. Irin abin nan ne da Pavlov na Rasha ya nuna da karnukansa, kuma binciken baya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu kan kamu da shi zuwa zagaye na huɗu. Da zarar ya kafu, maganin amai na yau da kullum ba ya cika yi masa tasiri, don haka gwanar sista tun ranar farko take tare shi. Ta matsa mana lamba cewa maganin amai a kan agogo ake sha, ba sai zuciya ta tashi ba. Irin su ondansetron da suka fito a farkon shekarun 1990 sun sauƙaƙa wannan yaƙi ƙwarai, amma sai an sha su a kan kari. In kuma abin ya riga ya kama mutum, akwai dabarar da Gary Morrow ya nuna amfaninta a 1982: a koya wa mutum sakin jiki, sannan a riƙa sa shi ya kawo hoton asibitin a ransa kaɗan-kaɗan yana cikin natsuwa, har haɗin ya warware. Wani lokaci likita kan ƙara da lorazepam.

Sakin jikin ma da ƙa'idarsa, wadda likita Edmund Jacobson ya tsara tun shekarun 1920. A dunƙule hannu da ƙarfi kamar daƙiƙa biyar, a saki, a saurari bambancin. Sai kafaɗa, sai fuska, sai ƙafa. Sista ta haɗa wa Kawu da numfashi: ya ja iska a hankali, ya fitar da ita a hankali fiye da yadda ya ja, ƙwayar carbi ɗaya ga kowane numfashi, da zikirin da ya saba. Ba zan ce wannan yana kashe daji ba, ita ma ba ta ce ba. Yana dai saukar da bugun zuciya, yana kuma ba wa mutumin da aka ƙwace wa komai wani abu da zai yi da kansa.

Dajin tumbi yana da wata fitina tasa ta daban, wato kwanon abinci. Mu da tuwo muke auna lafiya. Mai dubiya yana zama zai ce, "Yana dai cin abinci ko?" Matar Kawu takan cika kwano, ya yi loma biyu ya ture, ta fashe da kuka, shi kuma ya ji kamar ya yi laifi, har lokacin cin abinci ya zama abin zullumi ga kowa. Sista ta ja ta gefe. "Mama, ba girkinki ya ƙi ba, wurin ne ya ƙanƙance." Ta ce a daina babban kwano, a riƙa ba shi a ɗan ƙaramin kofi sau shida ko fiye a yini, kunun gyaɗa, fate, dafaffen ƙwai, romo marar yaji, da ɗumi-ɗuminsa ba mai tururi ba, kuma kada a tsaya a kansa ana ƙirga loma. Gidan ya samu lafiya da wannan magana fiye da yadda nake zato.

Ana ma auna damuwar kamar yadda ake auna zazzaɓi. Likita Jimmie Holland, wadda ta kafa sashen kula da tunanin masu ciwon daji a asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka a 1977, ita ta jagoranci samar da wani ma'auni daga 0 zuwa 10, wanda in mutum ya kai 4 ake bin ba'asi. Sistarmu yatsunta goma take ɗagawa ta ce, "Baba, yau damuwar ta kai nawa?" Ranar da ya nuna bakwai, ashe ba mutuwa yake tunani ba, gonar da za a sayar don kuɗin zagaye na huɗu ce ta hana shi sakat. Ta haɗa mu da ofishin walwalar marasa lafiya. Ta kuma san iyakarta: wanda ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, ko ya fara fatan mutuwa, likitan ƙwaƙwalwa take kira masa, ba tare da ta sa shi jin an ce ya haukace ba.

Akwai wurin da na ga aikin ya fi wuya, kuma ban ce kullum ana cin nasara ba. Dangi kan roƙi a ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka muke cewa, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Amma mutumin da ake yi wa ƙus-ƙus a bakin ƙofa, ana shigowa da jajayen idanu ana ce masa olsa ce, ya riga ya sani, an dai bar shi ne shi kaɗai da sanin. Florence Nightingale ta yi tir da irin wannan raɗa a kusa da mara lafiya tun 1859. Gwanar sista ba ta yi wa dangi gatse, ba ta kuma yi wa mara lafiya ƙarya. Tambayarsa take yi me ya fahimta game da ciwonsa, da kuma ko yana son a gaya masa komai ne ko a gaya wa babban ɗansa. Wasu sukan ce a gaya wa ɗan, kuma haƙƙinsu ne.

Tsoro ɗaya ne ta ƙi cire mana, ta ma ƙara masa gishiri. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kimo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan yi ƙasa sosai, ƙaramin zazzaɓi na iya zama babban lamari cikin awanni. Ta sa muka sayi ma'aunin zafin jiki, ta koya mini karanta shi, ta rubuta lamba 38 da babban baƙi a bayan katin Kawu. In ya kai nan, ko ƙarfe biyun dare ne, ba farasitamol, ba jiƙo, ba jiran gari ya waye, asibiti kai tsaye. Haka in gudawa ta ƙi tsayawa, ko baki ya yi gyambo har ya kasa shan ruwa, ko ya yi aman jini. Abin mamaki, tun daga ranar na fara samun barci, domin na san abin da zan tsorata da shi, sauran kuma na bar su.

Duk wannan a ɗakin da sista ɗaya ke kula da gadaje fiye da yadda ya kamata ake yin sa, ga layi a waje, ga na'ura na ƙara. Zaman da ta yi da Kawu ranar farko bai wuce minti goma ba, na duba agogo.

Mai karatu, in Allah Ya ɗora maka jinyar wani mai irin wannan ciwo, ka tafi da ɗan littafi da biro, da ma'aunin zafin jiki, da fulas na ruwan ɗumi, da abin rufe baki da hanci. Ka roƙi sista ta gaya masa abin da jikinsa zai ji kafin a ɗaura ruwan. In kuma ta yi masa tambaya ta yi shiru, kai ma ka kama bakinka, ka bar shi ya amsa da kansa.